Neman Asali a Takardun Turawa: Fara da Tsohon Sunan Garinku

Duk wanda ya ga takardar da ta ce an haifi kakansa a Abuja a shekarar 1940, kada ya wahalar da ƙafarsa zuwa Maitama ko Asokoro neman dangi. A wancan lokaci Abuja ita ce garin da muke kira Suleja a yau, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan gidan sarautar Haɓe ya baro Zariya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi wurin gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon wurin, tsohon garin kuma aka raɗa masa Suleja daga sunan Sarkinsa, Sulaimanu Barau. Takardar gaskiya ta faɗa. Sunan ne ya yi ƙaura, ya bar mai nema yana lalube.

A 'yan shekarun nan matasa da yawa sun ɗauki neman asali da muhimmanci, kuma abin farin ciki ne. Akwai jikokin fatake da ke zaune a zangon Kumasi, akwai na mahajjatan da tafiya ta tsaya musu a Sudan, akwai kuma wanda aka haifa a Kaduna ko Legas bai taɓa taka ƙauyen da kakansa ya fito ba. Mutum yakan ji an ce Turawa sun bar takardu jibge a Kaduna, sai ya rubuta sunan kakansa a 'yar takarda ya kama hanya, yana zaton za a buɗe wani babban littafi a nuna masa. Sau da yawa haka yake komowa hannu rabbana. Dalili kuwa shi ne Bature bai jera takardunsa bisa sunayen mutane ba, bisa ƙasa ya jera su: lardi, yanki, gunduma, ƙauye. Wanda bai san yadda ake rubuta sunan garinsu a wancan zamani ba, bai kuma san lardin da garin yake ƙarƙashinsa a shekarar da yake nema ba, ya zo ƙofa ne ba mabuɗi.

Ya kamata a fara fahimtar abin da ya sa aka rubuta waɗannan takardu. Razdan da Di'o ba tarihin gidanku ya kawo su ba. Haraji da jangali suka dame su, da zaman lafiyar da za ta bari a karɓe su, da kuma sanin wane gida za a ba sarauta. Don haka abin da ya fi yawa a rubuce shi ne adadi: maza nawa, mata nawa, yara nawa, shanu nawa, rijiyoyi nawa, maƙera da marina da masaƙa nawa. Ƙidayar 1911 da ta 1921 da ta 1931 a Arewa galibi daga lissafin haraji aka tsamo su, kuma abin da aka buga jimla ce kawai. Mutumin Ingila yakan buɗe takardun ƙidayar ƙasarsa ya ga sunan kakan kakansa da na matarsa da 'ya'yansu, gida-gida. Mu ba a bar mana irin wannan ba. Talaka yakan shiga takarda da sunansa idan ya tsaya gaban alƙali, ko ya shiga soja, ko makarantar boko, ko aikin En'e, ko ya riƙe unguwa, ko kuwa aka 'yanta shi. In ba haka ba, yana cikin adadi. Amma ƙauyensa yana nan da suna, kuma ta nan ake shiga.

Matsala ta farko ita ce kunnen Bature. Clapperton, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta Sakkwato a matsayin Sackatoo, Katsina kuma Kashna. Barth, wanda ya ratsa ƙasar a shekarun 1850, ya rubuta Katsena da Gando. Waɗanda suka zo da mulki bayan 1903 kowa da yadda ya ji, har gari ɗaya yakan fito da fuska uku ko huɗu a fayil guda. Haɗeja za ka gan ta Hadeija ko Hadejia, Gumel ta zama Gummel, Ɗambatta ta zama Dambarta. Amma idan ka zuba ido za ka ga ɓarnar tana da tsari. Inda muke cewa “kwa” ko “gwa”, sukan rubuta “ko” ko “go”: Sakkwato ta zama Sokoto, Kwantagora ta zama Kontagora, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Lakwaja ta zama Lokoja. Inda muke da “f” sukan sa “p”, shi ya sa ake ganin Potiskum da Panisau. Tsafe kuwa Chafe take a takardunsu, domin sun bi lafazin mutanen yamma ne. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, kuma takardun ofis na Turanci ba su taɓa damuwa da su ba. Dabarar da ta fi aiki a nan mai sauƙi ce: idan ka ci karo da sunan da ba ka gane ba, karanta shi da ƙarfi, ka maimaita, ka saurari abin da bakin Bahaushe zai mayar da shi.

Bafaranshe ma da nasa salon. A wurinsa “ou” shi ne “u” ko “w”, “tch” shi ne “c”, “dj” kuma “j”. Ta haka Tasawa ta zama Tessaoua, Tawa ta zama Tahoua, Madawa ta zama Madaoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, Tsibirin Gobir ta zama Tibiri. Damagaram kuwa da sunan Zinder za ka neme ta. Jamusawa a Kamaru sun rubuta Garua da Marua da Dikoa, Faransawan da suka gaje su suka mayar Garoua da Maroua. Wanda yake neman dangi a tsallaken iyaka dole ya riƙe jerin waɗannan fuskoki a hannu, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko a kundin ma'adana ko a intanet.

Matsala ta biyu ta fi ta farko wahalar ganewa, domin sunan bai canza ba, amma akwatin da aka sa shi ya canza. Mu ɗauki mutumin Funtuwa. Kafin 1926 masarautar Katsina tana cikin Lardin Kano, don haka takardun garinsu na wancan lokaci cikin na Kano suke. Daga 1926 aka mayar da Katsina Lardin Zazzau. A 1934 aka ba ta nata lardin, aka haɗa ta da Daura. A 1967 ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, sannan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Mutum ɗaya, bai taɓa barin gonarsa ba, amma labarinsa ya warwatsu a akwatuna shida. Shekarar 1926 ta cancanci a riƙe ta da kyau, domin a cikinta aka yi wa lardunan Arewa babban garambawul. Lardin Yola ya koma Adamawa ya haɗiye wani sashe na Muri, aka rushe Lardin Nasarawa, aka kafa na Filato, Lardin Munshi ya zama Binuwai, Katagum kuma ta bar Kano ta koma Bauchi. Ko hedkwatar Arewa ba ta zauna wuri ɗaya ba: daga Jebba ta koma Zungeru a 1902, daga can ta koma Kaduna a 1917.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu bincike a Kano da Katsina. Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke kai da komo. A 'yan shekarun farko na mulkinsu Turawa suka dunƙule garuruwa zuwa gundumomi, suka fitar da hakimai suka zaunar da su a karkara. Gundumomin nan da yawa da sunan sarautar hakimin ake kiran su, ba da sunan gari ba. Mai neman tsofaffin rahotannin Wudil yana iya samun su ƙarƙashin Makama, na Dawakin Tofa ƙarƙashin Madaki, na Ɗambatta ƙarƙashin Sarkin Bai. A Katsina Mani ta Durɓi ce, Rimi ta Ƙaura, Dutsin-Ma ta 'Yandaka, Malumfashi ta Galadima. Kuma tun da akan yi wa hakimi canjin gari ko ƙarin girma, sarauta ɗaya tana iya nufin wannan yanki a 1910, ta nufi wancan a 1930. Saboda haka tambayar “wane hakimi ke riƙe da ku lokacin da kike yarinya?” tana da daraja ƙwarai idan aka yi wa tsohuwa ita.

Sai kuma garuruwan da suka tashi ɗungurungum. Sarautar Gombe ta baro Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, daga nan ta koma Doma a 1919, wadda ita ce Gomben yau. Ta Katagum ta koma Azare a 1916. Shehun Borno ya bar Kukawa ya zauna Yerwa a 1907, Turawa kuma suka fi kiran wurin da sunan ƙauyen da ke maƙwabtaka, Maiduguri. Maraɗi a cikin kwari take har ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka hau tudu aka sake gini. Satiru an ƙone ta ƙurmus a 1906, ba a sake zama ba, waɗanda suka tsira suka bazu. A ƙasar Anchau an kwashe ƙauyuka daga ƙarshen shekarun 1930 saboda ƙudan tsando da ciwon barci, aka gina sabon gari aka kira shi Takalafiya. Bayan tafiyar Turawa ma madatsun Kainji da Tiga da Bakolori sun rufe gidajen mutane da maƙabartunsu. Idan tsoho ya ce muku “can kufai”, ku nemi ya faɗi sunan da kufan yake amsawa yana da rai.

Ƙananan wurare sun fi kowa saurin ɓacewa. Unguwar Wane, Gidan Wane, Tungar Wane, Rugar Wane, duk da sunan mai wurin ake kiran su, kuma idan ya rasu ko aka naɗa wani mai unguwa suna yakan bi sabon. Ga kuma sunayen da kowace ƙasa take da nata: Sabon Gari, Tudun Wada, Nasarawa, Sabon Birni, Rafin Gora, Ƙaura. Ganin Tudun Wada a takarda bai isa hujja ba sai ka ga ƙauyukan da aka jera a gefensa. Bature mai rangadi yakan rubuta garuruwa bisa yadda dokinsa ya bi su, don haka maƙwabta su ne shaidarka. Idan kakarka ta ce kasuwar gari kaza suke ci ran Laraba, a gari kaza suke ɗebo ruwa da rani, to waɗannan sunaye biyu za su raba maka Tudun Wadarku da ta wasu.

To, da aka samu akwatin da ya dace, me ke ciki? Abin da ya fi amfani ga mai neman asali shi ne rahoton ƙiyasin haraji na gunduma. Ana tura ƙaramin Bature ya yi makonni yana zagaya gunduma, ya tara dattawa, ya rubuta wanda ya kafa kowane gari, daga ina ya zo, jerin dagatai, ƙabilun da ke zaune, sana'o'i, kasuwanni da hanyoyin fatake. Sai littafin gunduma, wanda ake ajiyewa ana ƙara masa bayani shekara bayan shekara, har da salsalar gidan hakimi da ta dagatai. Akwai rahotannin shekara na lardi, da fayilolin naɗi da tuɓe sarakuna, da na rikicin iyaka. A kusan 1920 an buga taƙaitaccen kundi na kowane lardi, Gowers ya yi na Kano, Arnett ya yi na Sakkwato da Zazzau, kuma Kirk-Greene ya sake buga su a haɗe a 1972. Da su ya kamata a fara, domin suna ɗauke da sunayen gundumomin wancan zamani. A Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna takardun sakatariyar Arewa suna ƙarƙashin alamar SNP, na larduna kuma kowanne da tasa, kamar KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF.

A ganina dukiyar da aka fi sakaci da ita ita ce littattafan alƙalai. Turawa sun tilasta a riƙa rubuta shari'u, malamai kuma suka rubuta su da Larabci, wani lokaci da ajami. A nan ne talaka yake magana da sunansa da sunan ubansa da na garinsa. Rabon gado yakan jera matan mamaci da 'ya'yansa kaf, abin da babu wani rahoton Di'o da zai ba ka. Rikicin gona yakan ambaci wanda ya sare dajin tun farko. A nan ne kuma mata suke fitowa. Alkunya ta ɓoye mana sunayen iyayenmu mata da yawa, har jikoki su tashi ba su san sunan yanka na kakarsu ba sai laƙabi, amma a gaban alƙali sai an faɗi suna. Masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wani sashe na shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 ya buga a 1994, kuma duk wanda ya duba su zai ga yawan rayuwar da ke kwance cikin irin waɗannan littattafai. Almajirin da ya iya karanta rubutun warash yana da fifiko a wannan fage a kan mai digiri, kuma ya kamata masu bincike su riƙa tafiya da shi.

Akwai abin da dole a faɗa a fili, ko da yana da nauyi. Wanda ya shiga neman asali ya shirya wa abin da zai tarar. Ƙauyuka da yawa da ke ɗauke da sunan Rinji ko Gandu asalinsu gonakin bayi ne. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya a doka ba sai 1936. Tsakanin nan dubban mutane suka fanshi kansu ta hanyar murgu ko wani ya fanshe su a kotu, larduna kuma suka riƙa aika rajistar waɗanda aka 'yanta. Rajistar takan nuna suna, ƙiyasin shekaru, ƙabila ko ƙasar asali, da hannun wanda aka danƙa mutum. An kuma buɗe gidan renon yaran da aka ƙwato a Zungeru. Ga wasu gidaje wannan rajista ita kaɗai ce takardar da ta riƙe sunan ƙauyen da aka kamo kakarsu. Ban ga abin kunya a nan ba. Matar da aka raba da danginta tana ƙarama, ta rayu, ta haifi zuriyar da yau take karatu har tana neman ta, ta cancanci a san sunanta a yi mata addu'a kamar kowace kaka. Abin da ya wajaba shi ne hattara da sirrin wasu: abin da ka gano game da gidan maƙwabci ba naka ba ne da za ka baza a Facebook.

Soja da makaranta sun bar sunaye, amma sunaye ne masu santsi. Wanda ya shiga rundunar Afirka ta Yamma akan rubuta sunansa a haɗa da gari ko ƙabila, kuma garin sau da yawa babban birnin da Bature ya sani ne. Mutumin ƙauyen da ke tafiyar kwana biyu daga Kano sai ya zama Wane Kano, tare da wasu hamsin masu irin sunansa. A Gwalkwas, wato Ghana kafin 1957, kalmar “Hausa” a takardun soja da 'yan sanda takan haɗa duk Musulmin da ya fito daga arewa, ko Bazabarme ne ko Bamoshe. Abin da ke raba mutum da takwaransa shi ne lambarsa ta soja. Tana cikin littafin sallama, kuma lambobin girma na yaƙin duniya na farko akan zana suna da lamba a gefensu. Waɗanda suka tafi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ba su dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da sunayen da yawa daga cikinsu a intanet, wasu a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. A makarantar boko ma haka aka yi ta laƙaba wa yara sunan garinsu. Sardauna da sunan Ahmadu Raba ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma ta wannan hanya muka samu Tafawa Ɓalewa da Shagari da Kaita a matsayin sunayen mutane. Irin wannan suna alama ce mai kyau, amma wani lokaci garin da aka ɗebo yaron yake nunawa, ko inda ubansa yake aikin En'e.

Iyakar Najeriya da Nijar ta raba gidaje, ta kuma raba takardunsu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wadda ta bar Birnin Ƙonni a ɓangaren Ingila. Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai ruwa zuwa Damagaram, aka gyara layin a 1904 da 1906, sannan jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi shi suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Tafintan tawagar Tilho, Landeroin, ya tattara labaran Gobir da Maraɗi da Ƙonni da Damagaram daga bakin dattawan lokacin, kuma har yau ana komawa gare su. Mutane sun yi ta tsallakawa, wannan yana gudun aikin dole, wancan yana gudun haraji, don haka gida ɗaya yana iya bayyana a rahoton kwamandan Faransa da na Di'o. Takardun ɓangaren Faransa suna Yamai, wadda ta karɓi hedkwata daga Damagaram a 1926, wasu suna Dakar, wasu kuma a Aix-en-Provence ta Faransa. Mutanen Mubi da Gwoza da Bama su tuna ƙasarsu ta ratsa hannun Jamus, sannan riƙon amanar Ingila, kafin ƙuri'ar 1961 ta kawo ta Najeriya da sunan Lardin Sardauna. Wanda kakansa ya bi hanyar gabas a ƙasa zai ga Fort-Lamy a takardarsa, wadda ta koma Njamena a 1973. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a 1903, da yawansu sun wuce tare da ɗansa Mai Wurno suka zauna a bakin kogin Nilu, a garin da yake amsa sunansa har yau, kuma a takardun Sudan Fallata ake kiran su gaba ɗaya. Idan kuwa aka ce kaka “ya tafi Gwanja”, Salaga ake nufi da kasuwar goro, kuma bayan yaƙin basasar garin a 1892 fatake da yawa sun koma Kete-Krachi da Kumasi da Akara.

Shekaru ma sai an fassara su. Alƙali da Hijira yake lissafi: shekara ta 1321 ta kama a ƙarshen Maris 1903, ta 1331 kuma kusan ita ce 1913. Tsofaffi kuwa da abin da ya auku suke lissafi. Zuwan Nasara Kano da Sakkwato 1903 ne, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar Marisuwa 1918, saukar jirgin sama na farko a Kano 1925, 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942, zuwan Sarauniya 1956. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne: Abbas ya yi sarautar Kano daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Dikko kuma ya riƙe Katsina daga 1906 zuwa 1944. Shekarun da Bature ya rubuta wa mutum kuwa yawanci da ido ya ƙiyasta su, haka nan ranar 1 ga Janairu da ta cika takardun haihuwa a Nijar da Najeriya alama ce cewa ba a san ranar ba.

Kada kwarjinin tsohuwar takarda ya rufe maka ido. Abin da Di'o ya rubuta ya bi ta bakin tafinta, a gaban hakimi, a ranar da kowa ya san ƙidayar haraji ake yi. An ɓoye samari, an kora shanu daji. Dagacin da ke kan gado ya ba da salsalar da ta fifita ɗakinsu, ta tsallake ɗan'uwan da aka tuɓe. Wani Baturen ma kwafe rahoton wanda ya gada kawai ya yi, kuskure ya yi ta haihuwa har ya zama kamar shaidu uku. Labarin baka shi ma yana da nasa rauni: yakan haɗe kakanni uku masu suna ɗaya su zama mutum guda, kuma kusan kowane gida yana son a ce daga Gabas ya fito. Inda takarda da baki suka haɗu ba tare da ɗaya ya ari ɗaya ba, ka samu ƙasa mai tauri. Inda suka saɓa, rubuta duka biyun ka faɗi wanda ya ba ka kowanne, kada ka zaɓi mai daɗin kawai.

Wuraren nema suna nan kusa. Ban da ma'adanar Kaduna, wadda reshe ce ta hukumar da Kenneth Dike ya assasa a 1954, akwai Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna, wanda Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa a 1970. A Kano akwai hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai cibiyar Waziri Junaidu. Ghana tana da ma'adanai a Akara da Kumasi da Tamale. Babban ɗakin karatu na Ingila yana da shirin ɗaukar hoton takardun da ke fuskantar lalacewa, kuma wasu takardun Kaduna suna cikin abin da ya sa a intanet kyauta. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su taɓa isa ma'adana ba: littattafan haraji masu sunayen masu gida, da na gunduma, da na ƙananan kotuna, waɗanda aka bari a ɗakunan ajiya bayan an rushe tsarin En'e a 1976. Gara da ɗigar ruwa sun ci da yawa. Ina roƙon majalisun sarakuna da hakimai su sa a duba abin da ya rage a ɗauki hotonsa, domin wayar hannu ma ta isa wannan aiki.

Kai kuma mai karatu, kafin ka sayi tikitin motar Kaduna, je ka gaida tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, ka nemi izininta ka kunna na'urar ɗaukar murya. Tambaye ta sunan garin yadda ake faɗinsa tana yarinya, da hakimin da ke riƙe da su, da kasuwar da suke ci, da garuruwan da ke gabas da yamma da su, da yunwa ko sarkin da aka haife ta a zamaninsa. Roƙe ta ta buɗe maka adakar da ke ƙarƙashin gado, ka ɗauki hoton duk rasit ɗin haraji da wasiƙar ajami da littafin sallama da ke ciki. Yi wannan a makon nan, tun tana iya ba ka amsa.